Kafin sabon dogo ya iso Zariya: wa zai tsare wa jirgi lokacinsa?

A tsakanin Bomo da cikin garin Samaru akwai unguwar da ake kira Hayin Dogo. Sunan ya samo asali ne daga layin jirgin ƙasa da ya taso daga tashar Zariya da ke Sabon Gari, ya ratsa Samaru, ya nufi Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Layin yana nan kwance har yau, amma an yi shekaru rabon da mazauna yankin su ɗora tafiyarsu a kan jirgin da ke bi ta kansa. Ma'aikacin da ke zaune a Bomo yana aiki a Kaduna, da 'yar kasuwar da ke saro kaya a Kantin Kwari ko Singa a Kano, hanya ɗaya suke bi da asuba: su tsallake dogo, su nemi Keke Napep ko bas zuwa Kwangila, sannan su zauna jiran mota ta cika.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan zirga-zirga ta zama babban rami a aljihun mai albashi da ƙaramin ɗan kasuwa. Shi ya sa idon jama'a ya koma kan sabon layin Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 203, wanda zai bi ta Zariya. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikin a Kano cikin Yulin 2021, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ke yin sa, kuma a Janairun 2025 Bankin Raya Ƙasa na Sin ya saki kimanin dala miliyan 255 domin ci gaba da shi.

Kusan duk maganar da ake yi kan wannan layi ta tsaya ne a kan ranar da za a kammala shi. Akwai tambayar da ta fi wannan shafar fasinja: idan an kammala, jirgin ƙarfe shida na safe zai tashi ƙarfe shida a tsakiyar markar Agusta? Zai iso kan lokaci cikin hazon Janairu da zafin Afrilu? Jirgin da ma'aikaci ba zai iya rantsuwa da lokacinsa ba, ba zai raba shi da tashar mota ba komai kyawun taragansa. Riƙon lokaci kuwa ba a ranar buɗe layi ake samun sa ba. Yana zuwa ne daga aikin kula da dogo da ake tsarawa bisa lokutan shekara, aikin da babu mai yanka masa kyalle.

Garin da dogo ya raina

Zariya ba baƙuwar jirgi ba ce. A 1911 layin da aka faro daga Baro ya ratsa ta ya isa Kano, a 1912 kuma aka haɗe shi da na Legas a ƙarƙashin hukuma guda. Daga Zariya aka fitar da siririn layin da ya hau tsaunukan Jos domin kwaso kuza, wanda aka rufe a 1957, da kuma layin Ƙauran Namoda da aka kammala a 1929 domin jigilar auduga da gyaɗa. Sabon Gari kansa ɗan dogo ne. Leburori da ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanonin Turawa su suka fara cika shi, kuma har gobe unguwar PZ tana ɗauke da sunan ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni.

A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 2003 fasinjojin sun ragu zuwa kimanin miliyan 1.6, alhali yawan al'ummar ƙasar ya ninka fiye da sau biyu. Ana yawan ɗora laifin a kan manyan motoci da tituna, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai wani abu da ya ɓace ba tare da an lura ba. A tsarin da, an yanka layin kashi-kashi, kowane kashi da ayarin leburorinsa da shugabansu. Aikinsu shi ne bin layin a ƙafa, su ɗaure abin da ya kwance, su share ciyawa, su yashe magudanan ruwa, su kai rahoton inda ƙasa ta fara zaizayewa. Da wannan tsari ya yi rauni, sai jirgi ya fara rage gudu, ya fara makara, ya fara kwana a hanya, fasinja kuma ya watse.

An gwada farfaɗo da tsohon layin. A Disambar 2012, bayan gyara mai tsada, jirgin fasinja ya sake tashi daga Legas zuwa Kano a kan kilomita 1,126, tafiyar da ke cin sa'o'i sama da 30. An yi murna a tashoshi, har da ta Zariya. Amma gyaran lokaci guda ne, bai zo da tsarin kulawa mai ɗorewa ba, don haka jirgin bai zama abin da ɗan kasuwa zai ƙulla ciniki a kansa ba.

Abin da ganye ke yi wa jiragen Birtaniya

Duk wanda ya ji cewa ganyen bishiya na jinkirta jiragen ƙasa a Birtaniya zai ɗauka raha ce. Mutanen ƙasar ma sun daɗe suna yi wa kamfanonin jiragensu shaguɓe da wannan uzuri. Amma lamarin gaskiya ne, kuma yadda suke tunkarar sa ya isa darasi.

Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, wurin da suke haɗuwa kuwa bai wuce girman farcen babban yatsa ba. A wannan ɗan wuri ne jirgi ke samun riƙon da zai ja taragai, a nan kuma birki ke kamawa. A gefen layukan Birtaniya akwai bishiyoyi kimanin miliyan 10. Daga Oktoba zuwa Disamba suna zubar da ganye, raɓa da yayyafi su jiƙa shi, ƙafafun jirage su niƙe shi, ya manne a kan ƙarfen ya zama wani baƙin shafi mai santsi. Idan ya samu ɗan danshi, riƙon ƙafa kan ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na yadda yake a busasshen dogo. Jirgi ya zo tashi, ƙafa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ya zo tsayawa, ya zarce tasha. Wannan shafi yana kuma toshe 'yar wutar lantarkin da ake sakawa cikin ƙarafan domin masu ba da hannu su san inda kowane jirgi yake.

Ranar 31 ga Oktoban 2021 jiragen fasinja biyu suka yi karo a bakin wata hanyar ƙarƙashin ƙasa kusa da garin Salisbury a Ingila, aka kai mutum 14 asibiti. Hukumar binciken haɗarin jiragen ƙasa ta gano cewa ɗaya daga cikin jiragen ya zame ya wuce jar alama, kuma santsin ganye na cikin manyan dalilai. Ta kuma nuna cewa ba a kula da bishiyoyin gefen layin yadda ya kamata ba.

Abin lura shi ne yadda suka mayar da kaka aikin shekara-shekara. Kamfanin Network Rail da ke kula da layukan yana da jirage na musamman da ke bin dogo dare da rana a wannan lokaci, suna wanke ƙarfen da ruwa mai tsananin ƙarfi, suna shafa masa wani haɗi mai yashi. Ana sassabe bishiyoyi tun kafin lokacin ya zo. Ana horar da direbobi su fara taka birki da wuri. Wasu kamfanonin suna fitar da jadawalin kaka, inda suke ƙara 'yan mintoci a kan tafiya, su kuma sanar da jama'a makonni kafin ya fara aiki. Idan jirgi ya makara da minti 15 ko fiye, yawancin kamfanonin suna mayar wa fasinja wani kaso na kuɗin tikitinsa. Duk da haka jiragensu na makara, ƙorafi kuma bai ƙare ba. Bambancin shi ne an san abokin gaba, an san watan zuwansa, an ware masa kuɗi da ma'aikata.

Damina da rani a kan dogon Zariya

A ƙasar Zazzau ganye ba shi ne matsala ba. Kuka da rimi suna kaɗe ganyensu ne da rani, lokacin da ƙarfe yake a bushe, iska kuma ta kwashe. Amma dogon Zariya na da nasa abokan gaba, kuma su ma kowanne da watansa.

Babbansu ita ce damina. Yankin Samaru na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawa a Agusta. Layin dogo a kan tudun ƙasa ake ɗora shi, a zuba tsakuwa, a jera gungumen katako ko na kankare, sannan a ɗaure ƙarafa a kansu. Wannan tudu yana tare hanyar ruwa, shi ya sa ake huda shi da kwalbatoci da gadoji. Idan yashi da leda da shara suka toshe kwalbati, tudun ya zama madatsar ruwa. Ruwan ya taru a gefe guda, ya jiƙa ƙasar, ya wanke tsakuwar, wata rana ya ɓalle ya bar ƙarafa na reto. Ko bai kai ga haka ba, ƙasar da ta jiƙe tana lotsawa a ƙarƙashin nauyin jirgi, dole direba ya rage gudu. A inda layi ya ratsa cikin gari, kamar Sabon Gari da Samaru, gine-gine sun matso jikinsa, magudanan unguwa suna juye masa ruwa, wasu wuraren kuma sun zama juji.

Damina na tafe da ciyawa. Gamba da ƙyasuwa kan rufe layin da ba a yawan bi, kuma ɗanyar ciyawar da ƙafar jirgi ta niƙe tana yin santsi irin na ganyen Birtaniya. Tana kuma ɓoye wa direba mashigar da mutane da dabbobi ke tsallakawa, ta ɓoye wa mai duba layi wurin da aka kwance ƙusa.

Da kaka ta wuce, ciyawar nan ta bushe, sai haɗarin ya koma na wuta. Masu farauta da masu sharar gona suna cinna wa daji wuta, kuma a tsohon layi gungumen katako na ci. A sabon layi gungumen na kankare ne, amma akwai wayoyin sadarwa da na'urorin ba da hannu da wuta za ta iya lalatawa. Hunturu kuma na zuwa da hazo. Jirgi mai gudu yana buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, don haka duk ranar da ƙura ta rufe gari, mashigar da babu shinge ko mai gadi ta zama tarko. Ƙurar tana kuma toshe matatar iskar inji, ta shiga wuraren sauya layi.

A Maris da Afrilu zafi ne. Ƙarfe na miƙewa idan ya ɗumama. Ƙarfen dogo mai tsawon kilomita ɗaya zai so ya ƙaru da kimanin santimita 35 idan zafinsa ya hau da digiri 30, kuma a tsakar rana ƙarfen kan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da kusan digiri 20. Abin da ke hana shi lanƙwashewa shi ne maɗaurai da nauyin tsakuwar da ke riƙe da shi. Inda damina ta wanke tsakuwa, ko ɓarayi suka kwance maɗaurai, nan ne zafin bazara zai karkatar da layi. Sakacin wani lokaci na shekara yana haifar da haɗarin lokacin da ke biye da shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa ba sallama. Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar da ke lura da koguna kuma tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Manomin Bomo ya san watan da zai yi sharar gona da watan da zai gyara rufin rumbu. Babu dalilin da zai hana mai kula da dogo ya san nasa.

Mokwa da Asham

Abubuwa biyu da suka faru a 2025 sun nuna abin da ke jiran sabon layin idan ba a sauya hali ba.

Ranar 29 ga Mayu, ambaliya ta auka wa garin Mokwa a Jihar Neja, ta hallaka mutane sama da 150. Mokwa tana kan tsohon layin Legas zuwa Kano, wanda shi ne ya ratsa Sabon Gari, kuma ruwan ya fasa tudun da dogon ke kai. Layin guda ɗaya ne tilo, saboda haka karyewarsa a Mokwa ta yanke Zariya da Kano daga tashar ruwa ta Legas ta wannan hanya, ko da ɗigon ruwa bai sauka a Zazzau ba. Abin ya kuma tuna wa jama'a cewa kwalbatin dogo ba lamarin jirgi kaɗai ba ne, ya shafi rayukan waɗanda ke kwana a gangaren tudun.

Ranar 26 ga Agusta kuma jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ɗauke da mutane sama da 600 ya sauka daga kan layi a tashar Asham. Ba a rasa rai ba, amma wasu sun ji rauni, kuma jirgin bai dawo aiki ba sai farkon Oktoba. Wannan ba tsohon layin Turawa ba ne. Layi ne mai kilomita 186 da aka buɗe a Yulin 2016, a lokacin bai cika shekara goma ba. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ya nuna cewa wannan ne karo na biyu da jirgi ya sauka a wannan tasha cikin wata 13, kuma wasu gungumen da suka lalace a karon farko faci aka yi musu maimakon a sauya su. Ba ruwan sama aka ɗora wa laifi a Asham ba, amma ciwon iri ɗaya ne: an ga alama, an jinkirta gyara.

Layin Kaduna zuwa Kano ci gaban wannan layi ne, kuma hukuma ɗaya ce za ta gudanar da su. Duk al'adar aikin da ake da ita tsakanin Idu da Rigasa, ita za ta iso Zariya.

Abin da makara ke ci

Mai zuwa Abuja sau ɗaya a wata zai iya haƙura da jinkirin sa'a guda. Mai zuwa aiki kullum ba zai iya ba. Tsakanin Zariya da Kaduna kimanin kilomita 80 ne, tafiyar da jirgi a sabon layi zai iya yi cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Wannan na nufin malamin makaranta ko ma'aikacin sakatariya zai iya barin iyalinsa a Bomo, inda haya ke da sauƙi, ya je aiki Kaduna ya dawo ya kwana a gida. Amma wannan lissafi yana tsayawa ne muddin jirgin na zuwa. Idan cikin kwanaki biyar na aiki ya saɓa sau ɗaya, kuma ba a san wace rana ce ba, dole ma'aikacin ya riƙe kuɗin mota a aljihu kullum, ya fito da wuri kullum. Daga nan sai ya ga gara ya koma Kwangila gaba ɗaya.

Haka abin yake ga 'yan kasuwa. Mai kai tumatir ko barkono daga fadamun Zazzau ba shi da sa'o'in da zai zubar. Mai saro atamfa a Kano yana so ya dawo ya buɗe shago kafin la'asar. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da majinyacin da aka ba ranar ganin likita a asibitin koyarwa na Shika duk da agogo suke aiki. Motar haya na da tsada da haɗari, amma tana da abu guda: idan wannan ta lalace, wata na tafe. Jirgi ba shi da wannan gata. Abin da zai sayar kawai shi ne alkawari.

An kuma gyara titin Kaduna zuwa Zariya da na Zariya zuwa Kano, don haka jirgin ba zai iso ya tarar da fili babu abokin takara ba. Ranar da fasinja ya daina yarda da shi, kuɗin shiga ya ragu, kuɗin gyara ya ƙara raguwa, a koma gidan jiya, ga kuma bashin da aka ciyo yana jiran biya.

Masu cewa tsaro ne kan gaba

Akwai masu ganin cewa maganar ciyawa da kwalbati ƙarama ce idan aka kwatanta da tsaro. Suna da hujja. Ranar 28 ga Maris ɗin 2022 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, suka kashe aƙalla mutum takwas, suka sace sama da 60, jirgin bai dawo ba sai 5 ga Disamba. Layin Ƙauran Namoda ya ratsa Giwa da kudancin Katsina da Zamfara, yankunan da suka sha fama da 'yan bindiga. Satar ƙarafa da maɗauran dogo kuma ta zama ruwan dare, ana yawan kama motoci maƙare da su.

Sai dai ayyukan biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Mutumin da ke bin layi a ƙafa kowace safiya yana duba kwalbati, shi ne zai fara ganin inda aka kwance maɗauri ko aka tona ƙasa. Layin da aka share wa ciyawa ya fi wuyar yi wa ɓarna a ɓoye. Ƙauyen da 'ya'yansa ke karɓar albashi daga dogo ba zai zuba ido a sace shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma layin da aka yi watsi da shi ne ɓarawo ke fara yi wa sallama.

Wasu kuma na cewa babu kuɗi. Gaskiya ne cewa kuɗin tikiti kaɗai ba ya ɗaukar nauyin jiragen fasinja a yawancin ƙasashen duniya, gwamnati ce ke cikawa. Amma ƙasar da ta iya ciyo bashin ɗaruruwan miliyoyin daloli domin shimfiɗa layi ba za ta ce albashin masu yashe kwalbati ya fi ƙarfinta ba. Matsalar ta fifiko ce. Sabon aiki yana da kwangila da biki da hoto, gyara kuwa ba ya fitowa a labarai sai ranar da aka fasa yin sa.

Abin da ya kamata a nema tun yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace wakilan Zazzau a majalisu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata su yi magana shi ne yanzu, kafin a miƙa layin.

Na farko, a nemi Ma'aikatar Sufuri da hukumar jiragen ƙasa ƙarƙashin Kayode Opeifa su bayyana tsarin kula da layin a rubuce, wata bi wata: yashe kwalbatoci kafin Mayu, ƙarin sintiri bayan kowane ruwa mai ƙarfi, sassabe da share gefen layi a Oktoba da Nuwamba kafin a fara ƙunar daji, duba maɗaurai da tsakuwa kafin zafin Maris. A kuma faɗi nawa aka ware wa wannan aiki a kasafin kuɗi, daban da kuɗin sabbin ayyuka.

Na biyu, jadawali na gaskiya. Idan marka za ta ƙara minti goma a kan tafiya, a rubuta haka a jadawalin damina, a sanar a rediyo da tashoshi tun da wuri. Fasinja na iya tsara rayuwarsa a kan jinkirin da ya sani. A kuma riƙa wallafa alƙaluman kowane wata: jirage nawa suka tashi, nawa suka isa kan lokaci, nawa aka soke, da dalili. Abin da ba a ƙirgawa ba a tuhumar kowa a kansa.

Na uku, kada Zariya ta zama wurin da jirgin Abuja zuwa Kano ke tsayawa na minti biyu kawai. Ana buƙatar jirgin safe da na yamma tsakanin Zariya da Kaduna, da Zariya da Kano, da tikitin wata mai rangwame ga masu zirga-zirgar kullum.

Na huɗu shi ne tsohon layin da ya ratsa Hayin Dogo. Sabbin tashoshi irin su Idu da Rigasa a bayan gari suke, kuma fasinja kan kashe kuɗi da lokaci kafin ya isa gare su. Faɗin tsohon layi milimita 1,067 ne, na sabo 1,435, don haka jirgi ɗaya ba zai hau duka biyun ba. Amma ƙaramin jirgin da zai riƙa kai-kawo daga Shika zuwa Samaru zuwa Sabon Gari zai rage cunkoson titin Sakkwato, ya kuma kusantar da mutanen Bomo da duk inda sabuwar tasha ta zauna. Doka ta buɗe ƙofa: gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa. Jihar Legas ta nuna ana iyawa, domin jirginta na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 yana bin hanyar dogon tarayya ne daga Agbado zuwa Oyingbo. Gwamnatin Jihar Kaduna na iya fara nazarin wannan ɗan taƙi kafin gine-gine su gama cinye gefensa.

Na ƙarshe, ilimin da ake buƙata yana nan a gida. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, wadda aka kafa a 1986, tana kan hanyar Basawa. Jami'ar Ahmadu Bello na da sassan injiniya da na albarkatun ruwa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana da bayanan ruwan sama na gomman shekaru. Zai yi wuya a samu wani gari a Arewa da ya tara waɗannan a wuri guda. Su za su iya zana taswirar wuraren da ruwa ke barazana ga layin, su horar da matasan Bomo da Shika da Basawa aikin duba dogo.

Ranar da za a buɗe layin za a yi taro, manya su hau jirgi, a ɗauki hotuna. Hukuncin gaskiya zai zo ne a Agustan da zai biyo baya, da asubar da aka kwana ana ruwa, lokacin da ma'aikaci daga Bomo zai tsaya a bakin titi yana shawarar ko ya nufi tashar jirgi ko ya nufi Kwangila. Abin da aka yi wa kwalbatoci a watan Afrilu shi zai yanke masa shawara.